Daga kwandon shara na fara gyaran ajina

Saura 'yan kwanaki a koma makaranta na karɓi mukullin ajina, aji huɗu na firamare, na shiga ni kaɗai da takarda da biro. Zangon da ya wuce da dasasshiyar murya na ƙare shi, kuma da na yi lissafi sai na ga rabin maganar da nake yi a yini ba darasi ba ce: ku yi shiru, koma wurinka, wa ya ce ki tashi. Sai na zana ajin a takarda, da ƙofa da tagogi da allo da bencuna da kabad. Na ɗauko ɗan littafin da nake rubuta rigingimun yara a ciki, duk rigimar da na tuna inda ta faru na ɗiga mata ɗigo a wurin, a gefe na rubuta lokacin.

Ɗigon bai watsu ko'ina ba. Wuri uku ya taru. Na farko bakin ƙofa, inda ake turereniya. Na biyu lungun bayan kabad, wanda in ina zaune a teburina ba na hango bencuna biyu na ƙarshe. Na uku, wanda ya fi kowanne cika, gefen kwandon shara. Kwandon yana gaba ne kusa da allo, don haka duk mai son fiƙe fensir sai ya ratso ajin tun daga baya. A hanya ya dunguri wannan, ya ja littafin wancan, kafin ya isa wasu uku sun tuna su ma nasu fensirin ya dakushe. Nan fa a kafa majalisa. Lokutan ma haka suka taru: dawowa daga tara, rabon littattafai da karɓarsu, sai ɗan tsakanin nan da nake goge allo in shiga wani darasi. Tsakiyar darasi kuwa, sa'ad da kowa ya san abin da ke gabansa, da kyar na samu ɗigo.

Sunayen masu laifin suna canjawa daga mako zuwa mako, amma wuraren da lokutan suna nan yadda suke. Wannan ya tuna min da aikin Jacob Kounin, wani masani ɗan Amurka da ya ɗauki azuzuwa da dama a bidiyo ya fitar da sakamakonsa a 1970. Da farko so ya yi ya gano irin tsawatarwar da ta fi aiki bayan yaro ya yi laifi. Bai sami wani bambanci na a zo a gani ba tsakanin malaman da ajinsu ke natse da waɗanda nasu ke hargitse. Bambancin yana can kafin laifin: malamin da yara suka san yana ganin kowane lungu, wanda yake tsayar da abu tun yana ƙarami kuma ya kama ainihin wanda ya fara, wanda ba ya barin giɓi tsakanin aiki da aiki. Na ce to, bari in fara da abin da hannu zai iya turawa.

Mai gadi ya taya ni muka ja kabad ɗin muka manna shi da bangon baya, lungu ya tashi. Teburina na cire shi daga tsakiyar gaba na kai shi kusurwa, domin a inda yake katanga ce kawai tsakanina da yara, kuma yana kiran mutum ya zauna. Na buɗe hanya biyu a tsakanin bencuna, na bar fili a baya yadda zan iya zagaya ajin ba tare da na juyo ta inda na bi ba. Ma'aunina ɗaya ne: in iya isa gaban kowane yaro ba sai na ta da wani ba. Jakunkuna, da su ne ke toshe hanya, na ware musu ƙarƙashin benci.

Sannan na bi bencunan ɗaya bayan ɗaya ina zama, ina ranƙwafawa daidai tsayin yaro ina kallon allo. Duk malamin da bai taɓa yin wannan ba ya gwada. Daga bencunan da ke jikin taga, da safe hasken rana yana dukan gefen allo na dama, rubutun alli ya ɓace ƙurmus, sai ƙyalli. Ashe yaran da ke yawan tasowa suna cewa "Malama, ba na gani" ba duka ne 'yan neman yawo ba. Na ja layi a tsaye da alli a wannan gefen, ya zama ba na rubuta abin kwafa a bayansa sai rana ta ɗaga.

Maganar jeri kuwa na daɗe ina juya ta. Zaman rukuni, yara suna fuskantar juna, yana da kyan gani, kuma baƙo in ya leƙo sai ya ce ajin na zamani ne. Amma yawancin aikin da nake ba su, rubutu da lissafi, aikin mutum ɗaya ne. Ka zaunar da yaro yana kallon fuskar abokinsa, rabi sun ba allo baya, sannan ka ce kada ya yi magana, ai ka haɗa shi da jarrabawar da ba ta cikin manhaja. Kevin Wheldall da abokan aikinsa sun gwada wannan a Ingila a 1981: suka mai da yara daga zaman rukuni zuwa layi-layi, mai da hankali kan aiki ya ƙaru, da aka mai da su rukuni ya sake sauka, kuma waɗanda suka fi amfana su ne yaran da dama can hankalinsu ya fi saurin tashi. Don haka na jera su layi-layi suna kallon allo. In aikin rukuni ya zo, 'yan layi na ɗaya da na uku da na biyar su juya su fuskanci na bayansu, an sami rukuni ba a ja benci ko ɗaya ba.

Wa zai zauna ina, shi ne ya fi cin lokacina. Na rubuta sunan kowane yaro a guntuwar takarda ina jujjuya su a kan taswirar. Masu raunin gani da yarinya ɗaya da na lura sai ta karkato kunne take ji, su na fara sa wa a gaba. Bahagwai na kai su ƙarshen benci ta hagu. Abu ne ƙarami, amma bahago in ya zauna a dama da mai rubutu da hannun dama, gwiwar hannunsu na ta karo, kuma ba a jimawa za ka ji "Malama, ya ɓata min rubutu". Masu ƙiriniya ban tara su a gaba ba kamar yadda aka saba, domin yaro mai son a kalle shi in ka sa shi a gaba ka ba shi 'yan kallo kyauta. Ban kuma jefa su baya ba. Na rarraba su a bakin hanyoyin nan biyu, inda nake wucewa kullum, kowanne a kusa da yaro mai natsuwa amma ba mai tsoro ba. Wannan bambancin yana da muhimmanci. Yarinya mai shiru-shiru da ba ta iya cewa "bari" ba, zalunci ne a mai da ita shingen wani. Aminai na raba su da benci ɗaya ko biyu, ba gabas da yamma ba, don in sun yi nisa da yawa kiran juna za su riƙa yi ta saman kawunan mutane.

Bango na rage masa kaya. Akwai tsofaffin hotuna da jadawali da suka shekara a manne har sun koɗe, ba mai karanta su, ido wa ka raina. Wani gwaji da Anna Fisher da abokan aikinta suka yi a Jami'ar Carnegie Mellon a 2014 ya nuna abin a fili: yara 24 'yan ajin share fage, aka koya musu darussan kimiyya wasu a ɗaki mai cike da ado wasu a ɗaki marar ado, suka ci kashi 55 cikin ɗari a marar adon, kashi 42 a mai adon. Yaran ƙanana ne kuma ba su da yawa, don haka ban ɗauke shi hujjar tsiraita bango ba. Binciken Peter Barrett na Jami'ar Salford a 2015, wanda ya duba azuzuwa 153 a makarantu 27 a Ingila, tsaka-tsaki ya nuna ya fi, ba cunkoso ba ba kuma fayau ba, ya kuma ba haske da iska da yanayin zafi babban kaso na tasirin ɗakin aji a kan karatu. Na bar bangon allo fes, sai jadawalin yini da dokoki huɗu. Ayyukan yara na mai da su bangon baya. Tagogi kuwa na sa aka gyara waɗanda suka ƙi buɗuwa.

Duk wannan shi ne mai sauƙin. Benci in ka ajiye shi yana nan. Aikin yana ga sabo.

Na zauna na rubuta tambayoyin da yaro ke buƙatar amsarsu a yini ba tare da ya tambaye ni ba. In na shigo me zan fara yi? In fensirina ya karye fa? In ina jin fitsari? In na gama kafin kowa? In ban gane ba alhali Malama tana wurin wani? Kowace tambaya na ba ta amsa guda, gajeriya, wadda za a iya nunawa da jiki. Fensir: gwangwani biyu a bayan aji, ɗaya na fiƙaƙƙu ɗaya na dakusassu, ka ajiye naka ka ɗauki wani, ba fiƙa a lokacin darasi, kwandon shara kuma ya koma baya kusa da su. Bayan gida: kati ɗaya rataye a ƙofa, ka ɗaga yatsu biyu, in na gyaɗa kai ka ɗauka ka fita, in katin ba ya nan ka san da wani a waje. Wanda ya gama: ya duba aikinsa, sannan ya ciro littafin karatu daga ƙarƙashin benci. Wanda bai gane ba: ya tambayi maƙwabcinsa a hankali, in ba ta yiwu ba ya ɗaga hannu ya wuce tambaya ta gaba kafin in iso.

Ranar da aka dawo ban bar su sun shiga yadda suka saba ba. Na tsaya a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje yadda nake ganin duka biyun, suka yi layi. Na ce musu, "Yau darasinmu na farko shi ne shiga aji." Suka yi dariya. Na nuna musu da kaina: na ɗauki jakar wani na rataya, na gaisa, na bi hanya, na tura jakar ƙarƙashin benci, na buɗe littafi na fara aikin da ke allo. Sannan na sake fita na shigo irin shigowar da ba a so, ina ture-ture ina ƙwala wa wani kira daga ƙofa. Dariya har da masu riƙe ciki. Na ce, "To me na yi ba daidai ba?" Hannuwa suka tashi, suka lissafo laifina kaf, har da wanda ban yi ba. Daga nan suka gwada, layi ɗaya bayan ɗaya. Da aka yi turereniya muka fita muka sake, ba faɗa ba zagi, kawai "Ba mu samu ba, mu sake." Yara suna saurin gane bambancin maimaici na horo da maimaici na koyo, kuma a muryar malami suke gane shi.

Gaisuwar ƙofar nan na riƙe ta har yau. Kowane yaro ina kiran sunansa, wanda na ga fuskarsa a murtuke in ce masa wata 'yar magana kafin ya shiga da abin da ya kwaso daga waje. Clayton Cook da abokan aikinsa sun gwada irin wannan a 2018 a azuzuwa 10 a Amurka, suka ga lokacin da ɗalibai ke kan aiki ya ƙaru sosai, hargitsi ya ragu. Ni dai abin da na gani da idona shi ne rigimar filin wasa a ƙofa take mutuwa yanzu, ba ta kai benci. Sharaɗinta kuwa sai aikin farko yana kan allo tun kafin su iso, tambaya uku ko huɗu daga darasin jiya waɗanda kowa zai iya farawa ba sai an yi masa bayani ba. In babu wannan, ina ƙofa ina gaisuwa ciki zai kama da wuta.

Alamar yin shiru na fara da tafi, in tafa su amsa. Ba ta daɗe ba, domin tafin kansa ya zama wasa, wasu su ƙara nasu da bugun benci. Na koma ɗaga hannu a wuri ɗaya tak, gefen allo na hagu, in ƙirga daga biyar zuwa ɗaya da yatsu. Kafin in kai ɗaya, biro a ajiye, ido a kaina. Wahalar ba tasu ba ce, tawa ce: kada in buɗe baki sai ajin ya yi tsit gaba ɗaya. A kwanakin farko tsayuwar takan yi tsawo har mutum ya ji kamar ya haƙura ya fara magana a kan surutun. In ka fara, ka koya musu cewa alamar shawara ce.

Rabon littattafai na mai da shi na layi. Littattafan kowane layi a ɗaure suke wuri ɗaya, ɗan gaba ya ɗauko, ya cire nasa ya miƙa baya, in an gama su dawo ta hanyar da suka tafi. Na riƙa duba agogo ina rubuta lokacin a kusurwar allo, su kuma suna ƙoƙarin karya na jiya. Abin da a da yake cin mintuna da kiran suna da jifa da littafi, ya koma abin da ake gamawa kafin in gama rubuta kan darasi. Na kuma koyi ba da umarni kafin a raba kaya, ba bayan an raba ba. Yaro in almakashi ya shiga hannunsa kunnensa ya tafi hutu.

A mako na biyu wata abokiyar aikina da ta girme ni a koyarwa ta tare ni a ɗakin malamai. "Malama, wai ku yaushe za ku fara karatu ne? Kullum na wuce sai in ga 'yan ajinki a layi ana fita ana shiga." Na ce, "Anti, karatun ke nan muke share wa hanya." Ta yi murmushi irin na wadda ta ga sababbin dabaru da yawa sun zo sun wuce. Ban ga laifinta ba, don gaskiya ne a lokacin ajinta ya riga nawa a manhaja. Abin da ya riƙe ni shi ne binciken Edmund Emmer da Carolyn Evertson da Linda Anderson na 1980 a Texas. Sun bi malamai 27 na aji uku tun daga ranar farko ta shekarar karatu, suka ga waɗanda ajinsu ya zauna lafiya daga baya su ne waɗanda suka kashe makonnin farko suna koyar da tsarin aji kamar yadda ake koyar da darasi, da bayani da nuni da gwaji da gyara. Sauran ma suna da dokoki, sai dai faɗa kawai suka yi suka wuce.

Al'adar monita mai rubuta sunan masu surutu na soke ta. Ba ta hana surutu, sai dai ta haifar da gaba da cin hanci na 'yan yara, kuma duk wanda ya taɓa zama ɗalibi ya san sunan abokin monita ba ya shiga takarda. A maimakon haka na rarraba ayyuka ana juyawa duk mako: mai goge allo, mai buɗe tagogi, masu fiƙe fensiran gwangwani kafin a tashi, mai kula da katin ƙofa. Wani yaro da ba ya iya zama minti goma bai motsa ba, shi na fara ba wa allo. Tashin da zai yi ko an hana shi, ya zama tashi da izini.

Ni ma sai da na sake wa kaina sabo. Na daina koyarwa daga wuri ɗaya. In suna aiki ina zagayawa, kuma in na duƙa wurin yaro ina tsayawa ta gefen da fuskata ke kallon sauran ajin. In na hango biyu sun fara ƙus-ƙus ba na kiran suna daga nesa, sai in ci gaba da bayanina ina takawa har in tsaya kusa da su, in ɗora yatsa a kan littafin ɗaya. Yawanci shi ke nan. Tsawa daga gaban allo yaro ɗaya take gyarawa ta katse wa arba'in tunani. Yabo kuma na daina yin na jimla. Maimakon "kun kyauta", sai in ce "Layi na uku, kowa ya buɗe littafi kafin in gama ƙirga", sai ka ga 'yan layi na huɗu suna laluben nasu.

Bayan hutun tsakiyar zango abubuwa suka sassauta. Layin ƙofa ya karkace, katin bayan gida ya ɓata, aka dawo fiƙe fensir a ƙarƙashin benci. Muka ɗauki safiya guda muka sake bi daga farko, wannan karon su ne ke nunawa ni ina kallo, kuma bai ɗauki rabin lokacin farko ba. Darasin ƙarshe na yini har yanzu shi ne mai wuya, ga gajiya ga zafi, don haka na mai da karatun labari da zane can, na ja lissafi zuwa safe.

Da hayaniyar ta lafa, sai wasu abubuwa da take rufewa suka fito. Akwai yaron da duk sauyin nan bai taɓa shi ba. Na canja masa wuri, na ba shi aiki, na gaishe shi a ƙofa, amma da an ce a buɗe littafi sai ya nemi wanda zai tsokana. Yanzu da sauran suke duƙufa kan aikin farko na allo, shi kaɗai ake gani kansa a sama. Wata rana da tara na riƙe shi, na buɗe littafin karatu na ce, "Zo ka karanta min wannan layin." Ya kalli shafin, ya kalle ni, ya ce, "Malama, kaina ke ciwo." Na rufe shafin na nuna masa kalma ɗaya mai harafi huɗu. Ya san haruffan ɗaiɗai, haɗa su ne bai iya ba. Ya kai aji huɗu yana kwafar siffar rubutu daga allo da littafin maƙwabci, kuma gara masa a ce masa fitinanne da a gane.

Na yi magana da hedimasta, aka kira mahaifinsa, muka tsara masa minti goma sha biyar na haɗa baƙi kowace safiya kafin a buga ƙararrawa. Aikin farko na allo kuma nakan ba shi nasa a 'yar takarda da nake ajiye masa a kan benci kafin su shigo, daidai abin da zai iya, ba tare da na sanar da kowa ba. Da na bi sauran da irin wannan gwajin ɗaya-ɗaya na sami wasu biyu masu matsala iri ɗaya, duka 'yan mata masu shiru da sunansu bai taɓa shiga littafin rigima ba. Su uku yanzu suke zuwa da safe, kuma a sabon tsarin zama na zango mai zuwa na sa su a bakin hanya ɗaya, wadda nake fara bi in na bar ƙofa.